Taura Biyu Ba Ta Taunuwa: Mai Raino Tsakanin Goyo da Turke



Duk wanda ya san karkarar arewacin Kano, daga Ɗambatta zuwa Makoɗa da Kunchi, ko daga Bichi zuwa Tsanyawa, ya san ba a barin fili a banza. Gona tana manne da gona, gida yana kallon gida. Da zarar shuka ta fito, sai a yi shela kowa ya ɗaure dabbarsa, kuma daga ranar har a kawar da amfanin gona, akuya da tunkiya suna turke a cikin gida. Wannan tsari ba na jiya ba ne. Masanin nan ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin ƙasar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa takin waɗannan dabbobin na cikin gida yana daga cikin abin da ya sa ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Akuya a wurinmu asusu ce, taki ce, kuɗin magani ce, kayan ɗakin 'ya ce. Babu mai hankalin da zai ce ku rabu da ita.

Sai dai dabbar da aka ɗaure ba ta ciyar da kanta. Dole a yiwo mata ciyawa, a dama mata dusa, a ba ta ruwa, a share turke, a kwance igiya idan ta naɗe. Maigida yana gona tun asuba. Uwargida tana fama da surfe da girki da 'yar sana'arta. To wa ya rage? Yarinyar da aka ɗauko domin raino: ƙanwar uwargida, ko 'yar riƙo, ko 'yar maƙwabta da ake ba ɗan abin hasafi a ƙarshen wata, ko babbar 'yar gidan. Sau da yawa shekarunta ba su wuce 9 zuwa 12 ba. An kawo ta ne don jariri, amma kafin a yi mako biyu awaki sun shiga lissafinta, kaji sun shiga, har da kwikwiyon da yaran gida suka tsinto. Ba wanda ya zaunar da ita ya ce ga aikinki. Aikin ne ya yi ta taruwa a kanta kamar ƙura.

Ra'ayina a kan wannan a bayyane yake. Mai raino tana da nauyi game da dabbobin gida, amma nauyin bai wuce abu biyu ba: ta raba yaro da su, kuma ta faɗi duk abin da ya faru tsakaninsu da yaron ba tare da ɓoyewa ba. Ci da sha na dabba, da maganinta, da haihuwarta, da gawarta, duk na manya ne. Kuma ko waɗannan biyun ba za ta iya saukewa ba, sai kun cire mata tsoron bulala.

Ga abin da ya sa na ce haka. Wata damina, a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, an kawo wani yaro ɗan wata 11 yana tari yana shaƙewa, rigarsa sharkaf. Abin da ya faru shi ne, akuya ta tsinke igiya ta fice ta nufi gonar waken maƙwabci. Mai rainon ta sauke yaron a kan tabarma ta bi ta da gudu. Kafin ta dawo, ya rarrafa zuwa daron da ake shayar da dabbobi, ya dafa bakinsa, ya kifa a ciki. Allah ya sa wata tsohuwa ta shigo neman garwashi. Yaron ya rayu. Da aka tambayi yarinyar me ya sa ta bar shi, sai ta ce wancan karon da akuyar ta shiga gonar an kai ƙara wurin mai unguwa, maigida ya biya kuɗin ɓarna, ita kuma ta sha duka. Ku dubi lissafin da ta yi. Ba ta taɓa shan duka don ta ajiye yaro na ɗan lokaci ba, amma ta sha don akuya. Gidan ne ya koya mata wanne ya fi tsada, ba tare da kowa ya yi niyyar hakan ba.

Ruwa shi ne haɗarin da ya fi kowanne sauri, don haka da shi na fara. Yaro mai rarrafe ko mai koyon tafiya kansa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ko daro ya kifa, ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya ihu. Ruwan da bai kai tsawon tafin hannu ba ya isa, kuma 'yan mintoci sun wadatar. Daron dabbobi a zubar da ragowarsa a kife shi da zarar sun sha. Wannan ba ya cin ko sisi.

Na biyu ba ya zuwa da hayaniya, shi ya sa muka raina shi: kashin kaji da na awaki a tsakar gida. Hannun jariri hanyarsa ɗaya ce, daga ƙasa zuwa baki. A wani bincike da aka wallafa a 2013, masu nazari sun zauna sa'o'i a gidajen karkara a ƙasar Zimbabuwe suna lura da jarirai kawai, suka ga wasu suna dumbuzar ƙasa suna ci, wasu har da kashin kaza, alhali masu kula da su suna nan kusa. Kashin kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta masu kawo gudawa, wani lokaci har da jini. Yaron da yake fita daga wannan gudawa ya faɗa waccan, hanjinsa ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, sai ka ga ana ba shi kunu yana sha amma ba ya ci gaba, a ce haƙori ne, a ce yaye ne, a ce baki ne. Wani nazarin da aka yi a ƙasar Habasha, wanda ya fito a 2016, ya nuna abin da ya dace da halinmu sosai: yaran gidajen da ke kiwon kaji sun fi girma da kyau, amma amfanin yana raguwa a gidajen da kajin suke kwana ɗaki ɗaya da mutane. Ma'ana, ku riƙe kajinku, ku ba yara ƙwai dafaffe maimakon ku kai shi duka kasuwa, amma kaza ta kwana a akurki, yaro ya yi wasa a kan tabarma mai tsabta, a share tsakar gida kafin a sauke shi.

A nan ne haɗa raino da kiwo yake yin ɓarnar da ido ba ya gani. Hannun da ya kwashe taki shi ne zai dama koko. Hannun da ya kama kaza shi ne zai share wa yaro baki. Idan har dole ne yarinyar ta taɓa turke, to ya zama lokacin da yaron yake hannun uwarsa, ta kuma wanke hannu da sabulu kafin ta karɓe shi. Sabulun kuwa ku za ku saya, ku ajiye shi kusa da randa, ba a cikin akwatin uwargida ba. In gudawa ta zo duk da haka, a fara ruwan gishiri da sukari na fakiti nan take, a nemi ƙwayar zinki a ba shi kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi nono. In an ga jini a bayan gida, ko idanu sun faɗa, ko yaro ya ƙi shan komai, sai asibiti.

Yanzu ga maganar da na fi so ku tsaya a kanta, wato kare. A ƙauyukanmu akwai karen gadi, akwai na farauta, akwai wanda ba shi da ubangida yana yawo bola-bola. Yara kuwa ba abin da suke so kamar kwikwiyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa. Ba sai an yi cizo mai zurfi ba: yakushi ya isa, lasar ƙurji ko sabon rauni ta isa, kuma kyanwa ma tana iya ɗauka ta raba. Cutar takan kwanta wata 2 zuwa 3 kafin ta bayyana, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Tana bin jijiya ne zuwa ƙwaƙwalwa, don haka cizo a fuska ko wuya ko kai ya fi saurin kaiwa, kuma can ne bakin kare yake kaiwa a jikin ƙaramin yaro. Da zarar alamu sun fito, tsoron ruwa da zubar miyau da firgita, kusan babu wanda yake tashi, ko a Kano ko a Ingila.

Amma kafin alamu su fito akwai mafita, kuma an san ta tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister allura a Faransa bayan mahaukacin kare ya cije shi, ya kuma rayu. Abin yi na farko yana cikin gidanku: a wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har tsawon minti 15. Minti 15 yana da tsawo idan yaro yana tsala ihu, amma kada a rage. Kada a zuba toka ko barkono ko garin magani, kada a ƙona gashin karen a shafa, kada a ɗaure raunin tamau. Daga nan a nufi asibiti a ranar, babban asibitin Ɗambatta ko na Bichi ko wanda ya fi kusa, in babu allurar a can a nemi a tura ku cikin Kano. Allurar ba sau ɗaya ake yi ba, ranaku ne da likita zai rubuta, kuma wanda ya yi ta farko ya bar saura bai gama ba. In raunin ya huda fata sosai akwai wata allurar ta daban da ake yi a bakin ciwon. Idan karen na gida ne, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara wa yaro magani.

To duk wannan ilimin, ya kai maigida, ya ke uwargida, a kan abu ɗaya ya rataya: wani ya faɗa muku an yi cizon. Yaro ɗan shekara 2 ba zai faɗa ba. Wadda ta gani ita ce mai raino. Idan ta san faɗar za ta jawo mata mari, ko a mayar da ita gidansu da sunan sakaci, za ta goge jinin da bakin zanenta ta ja rigar yaron ta rufe. Yakushin zai warke cikin kwana 4, kowa ya manta. Bayan wata biyu kuma a ce aljanu ne suka shafi yaro. Ban ce yarinyar muguwa ce ba. Yarinya ce, ta yi abin da tsoro ya sa ta. Don haka alkawarin da za ku yi mata, cewa ba za a dake ta ba in ta faɗi gaskiya, ni a wurina magani ne kamar yadda allura take magani. Ku kira ta ku faɗa mata da bakinku, a gaban sauran mutanen gida: "'Yata, in akuya ta tsinke kina riƙe da yaro, bar ta ta tafi, ki ƙwala kira. Ɓarnar da ta yi ni zan biya. In kare ko kyanwa ya taɓa shi, ko ke ya taɓa, ko yakushi ne ƙanƙani, zo ki gaya mini nan take. Ba zan taɓa ki ba." Za ta ce, "To, Baba." Amma ba za ta gaskata ba sai ranar da abin ya faru kuka cika alkawari.

Rigakafin karen kansa aikin mai kare ne. Ana yi masa allura daga wata 3 da haihuwa, a kuma sabunta ta yadda likitan dabbobi ya tsara, galibi duk shekara. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana haɗa wannan allura a nan gida Nijeriya, kuma duk ranar 28 ga Satumba ake tunawa da yaƙi da cutar a duniya. Mafaraucin da yake alfahari da karnukansa biyar, ya fara da wannan kafin alfaharin.

Akwai ayyukan da bai kamata hannun yaro ya kai gare su ba ko da babu goyo a bayansa. Akuyar da ta yi ɓari, ɗan da ya faɗo da mabiyiya da ruwan haihuwar suna iya ɗauke da cututtukan da ke kama mutum, masu kawo zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa, da gumin dare da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin zazzaɓin sauro a banza. Babban mutum ne zai sa leda a hannu ya kwashe ya binne, kuma mai ciki ta nisanci wurin. Nonon akuya ko na saniya a tafasa shi kafin a ba yaro. Kajin da suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kada a ba yarinya ta fige, kada a yi saurin yankawa don gudun asara. Mafi yawan lokuta annobar kaji ce ta hunturu da muka saba da ita, amma waɗanda suka ga shekarar 2006 suna tuna yadda aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna a watan Fabrairu, ta kuma iso gonakin Kano. Da ido ba a bambance su.

Haka maganin kaska da na ƙuma da na ɓera da na feshin wake. Mun saba juye su a kwalbar lemo ko robar ruwa mu tura ƙarƙashin rumbu, daidai inda mai rarrafe yake kaiwa. Yaron da ya sha irin waɗannan zai yi ta zubar da miyau da amai, jikinsa yana karkarwa, numfashinsa yana wuya. Kada a tura masa yatsa don ya yi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikin, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita. Ragon layya da ake turkawa da bijimin huɗa da jaki kuwa, ba sai na yi dogon bayani ba. Kan yaro mai koyon tafiya daidai yake da tsayin ƙaho da kofato.

Na san abin da wasunku za su ce, don an sha faɗa mini. Mu ma haka muka tashi, muna goyo muna kiwo, ga mu nan da ranmu. Gaskiya ne, kuna nan. Amma ku tambayi iyayenmu mata 'ya'ya nawa suka haifa, nawa suka rayu. Waɗanda ba su rayu ba, ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Wasu kuma za su ce koya wa yarinya kiwo tarbiyya ce, gobe ita ma za ta yi gidanta. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Yarinyar da aka ba 'yar akuya tata ta kanta, tana kula da ita tana ganin ta hayayyafa, ta koyi abin da makaranta ba ta koyarwa. Ban ce a hana ta ba. Na ce a raba lokaci: sa'ar kiwo daban, sa'ar raino daban. Mai cewa talauci ne, ba shi da halin ɗaukar mutum biyu, shi ma ina jin sa. Sai dai abin da nake nema bai kai farashin mudun gero ba: ɗan shingen kara tsakanin turke da inda yara ke wasa, igiya mai ƙwari maimakon ruɓaɓɓiya, sabulu guda, da yara maza na gidan su karɓi yankan ciyawa kafin su tafi makarantar allo ko bayan sun dawo.

Dabbar ma tana da haƙƙi, kuma haƙƙin a wuyan mai ita yake. Dukanmu mun ji hadisin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Mai tsarewar aka kama da laifi. Wanda ya kafa turke shi za a tambaya, ba yarinyar da ba ta balaga ba. Malaman fiƙihu kuma sun bayyana cewa wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyaka. In babban makiyayi da aka ɗauka da lada yana da wannan rangwame, ina dalilin zaftare kuɗin 'yar shekara 10 don shaho ya ɗauki ɗan tsako tana can tana lallashin ɗanku?

Kada mu manta ita ma jiki gare ta. Ita take shiga turke ba takalmi, ita take yanke hannu da lauje a wurin da taki yake, inda ƙwayar cutar sarƙewar haƙora take zama. Ita kwikwiyon yake fara yakusa. Makero da ake gani a kan yara, wani daga jikin dabba yake zuwa, kuma ita ce ta fi kowa taɓa su. In an kai ɗan gida asibiti saboda cizo aka bar ta da tsumma a ƙafa, an ci amanar iyayen da suka ba da ita.

Daga waɗannan ƙauyukan ne kuma ake ɗibar 'yan mata zuwa aikatau a cikin birni, gidajen Nasarawa da Bompai da sauransu, inda za ta tarar da ƙaton karen gadi irin na ƙasashen waje, ko kyanwa mai kwanon cin abincinta, a ce mata ga yara ga dabba. Ku iyayen da kuke ba da 'ya, in har ba makawa sai ta tafi, ku tambaya tun kafin a ɗauke ta: akwai kare a gidan? Wa yake ba shi abinci, wa yake kwance shi da dare? An yi masa allura, ina katin? Ku kuma masu ɗauka, karen da ya san ku bai san ta ba. Kada ku bar shi da ita da jariri su kaɗai ku fita, komai lafiyarsa.

Mai kare ko kyanwa a gida, ya je sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukumarsa a wannan makon ya tambayi allurar, ya karɓi kati ya adana. Ya kuma tambayi ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa da shi, tun ba a ciji kowa ba, inda ake samun allurar mutane da nawa take, ya rubuta ya ajiye inda uwargida da mai raino duka suka sani.